Mai Ashana a Kan Jarka

Labbo ya murɗa rediyon da ya gyara
a rumfarsa ta bakin Marina,
sai ga murya daga nesa, a shaƙe:
wai wani mai mulki da bakin bindiga
ya ce in aka matsa masa a fagen daga
zai buɗe rumbun da ba a buɗewa.

Shayina ya huce a hannu.
Wani mai tura kurar ruwa ya ce,
"Mu ina ruwanmu? Ko lantarki bai ishe mu ba,
balle makamin ƙare dangi."
Aka yi dariya. Ban da ni.

Shekara goma sha ɗaya na ja mota
daga Illela zuwa Arlit, gero da albasa.
Na ga inda ake fasa cikin ƙasa,
na ga garin nan rawaya kamar ƙwaiduwa
ana ɗura shi a ganga ana liƙewa.
Yaron motata, Hali, ya tsinci wata a juji
ya kai gida aka riƙa zuba ruwa.
Ban ce ita ta ci shi ba, Allah masani.
Tari dai ya yi har ya cika.

Don haka kar ka kawo min zancen nisa.
Iska ba ta nuna takarda a kan iyaka.
Hayaƙin da zai rufe rana a can
shi zai hana gero fid da kai a Gwadabawa.

An ce mai son haɗiye gatari a riƙe masa ƙota.
To, in maƙogwaron na kowa ne fa?

Na tuna shekarar da mai ya yi wuya.
Bagudu ɗan bumburutu, a tsohuwar tasha,
ya hau kan jarkokinsa da ashana a hannu:
ko a ba shi filin rumfar maƙwabcinsa,
ko kowa ya kwana gawayi.
Masu kaya suka ce a ba shi, a zauna lafiya.
Marafa, sarkin tasha, ya girgiza kai:
"Ku ba shi yau, gobe kwali zai sayo.
Jibi kowane yaro ya koyi sana'ar."
Wani saurayi ya zaro tasa ashanar,
Inno mai fura ta tsinka masa mari:
"Wuta biyu ta taɓa kashe juna?"

Ba wanda ya gudu, ba wanda ya matsa.
Mata suka jera bokitan rairayi.
Marafa kuwa bai bar magana ta yanke ba,
ya tambaye shi jikin tsohuwarsa,
ya nuna masa ɗansa na barci bayan jarka,
ya sa aka buɗe hanya ta gefen masallaci
don mutum ya sauko ba tare da an yi masa ihu ba.
Fili dai bai samu ko taku ɗaya ba.
Ana kiran magariba hannunsa ya gaji.
Wata uku ba mai sayen mansa,
ko sallamarsa da ƙyar ake amsawa.

Da ƙasashe za su tambayi tsohon direba,
abin da na gani ke nan, ban ƙara gishiri ba.

Amma akwai wanda ya hana ni barci.
Ranar nan ba mu karɓe ashanar ba.
Kuma da aka watse, na lura da aljifai:
Marafa ma na da tasa,
ni ma na shafa nawa, na ji ta.

Labbo ya ce, "In kashe?"
Na ce bar shi, mu ji ƙarshen labari.
Sai batir ya mutu.